Kafin ka sa hannu a takardar rancen gida: yadda ake auna abin da albashi zai iya ɗauka

Sulusi ne iyaka. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, ba ya yarda a ba mutum rancen gida daga asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, idan abin da za a riƙa cire masa duk wata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da yake samu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta tsaya a kan wannan sulusin wajen abin da mai aiki zai iya yanka a albashin ma'aikacinsa cikin wata guda. Na yi aiki a sashen albashi na wata ma'aikata, na kuma riƙe littafin kofaretib ɗinmu, saboda haka takardun albashin jama'a sun sha bi ta hannuna, kafin su ci bashi da bayan sun ci. Abin da na lura da shi shi ne mutane suna ɗaukar sulusin nan tamkar shawara ce banki ya ba su. Banki kuwa abin da yake aunawa shi ne ko kuɗinsa zai dawo. Ko za a ɗora tukunya a gidanka ranar 20 ga wata, wannan lissafinka ne, kuma kai za ka zauna ka yi shi.

Ɗauko takardar albashinka ta watanni uku na baya. Kada ka dubi lambar da ke sama, wadda ake faɗa idan an tambayi mutum matakin albashinsa. Dubi ta ƙasa, wadda take faɗowa asusu bayan an cire haraji, da kashi 8 na fansho, da kashi 2.5 na NHF, da kuɗin ƙungiyar ƙwadago, da inshorar lafiya. Idan akwai bashin babur ko na kofaretib da ake cira, ka duba watanni nawa suka rage masa. Alawus ɗin tafiye-tafiye da ariyas da kuɗin aikin bayan lokaci duk ka ajiye su gefe, domin darakta ɗaya ya canza sai su tsaya. Haka kuɗin gona: shekarar da damina ta yi kyau ka rage bashi da shi, amma kada ka gina biyan wata-wata a kansa. Idan kuma uwargida tana aiki kuma ta ce za ta sa hannu, madalla, sai dai kuɗinta nata ne. Ku zauna ku rubuta nawa take bayarwa da kuma kasonta a gidan, a sa shaidu. Na ga yadda rashin wannan rubutun yake zama rigima ranar rabon gado.

A wannan takardar kuma za ka gane ko kana cikin NHF. An kafa asusun ne da doka ta 3 ta shekarar 1992, kuma ba kowace jiha ce take zuba wa ma'aikatanta ba. Masu aiki a kamfanoni kuwa, tun 2023 shiga ta zama ganin dama. Wani lokacin ma ana cira a albashi amma ma'aikata ba ta aika kuɗin ba, shi ya sa zuwa ofishin FMBN na jiharka a buga maka bayanin abin da ka tara ya fi komai gaggawa. Sai ka yi aƙalla wata shida kana zubi kafin ka cancanci neman rance.

Yanzu lissafin. Rancen NHF kuɗin ruwansa kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, kuma ana iya biya har tsawon shekara 30. Ba sai ka nemi kwamfuta ba, ka riƙe waɗannan lambobi huɗu kawai. A kan kowace naira miliyan ɗaya da ka ranta, idan shekara 30 za ka biya, kusan naira 6,000 za a riƙa cira duk wata. Idan shekara 20 ce, kusan 7,200. Shekara 15, kusan 8,400. Shekara 10, kusan 11,100. Ka raba abin da za ka iya biya a wata da lambar da ta dace da shekarunka, abin da ya fito shi ne yawan miliyoyin da za ka iya ɗauka.

A ɗauka mutum yana karɓar naira dubu 240 a hannu. Sulusinsa dubu 80 ne. Idan yana da shekara 30 a gaba, rancensa zai kai miliyan 13 da ɗoriya. Idan shekara 20 ce, miliyan 11. Idan 15 ce, miliyan 9 da rabi. Idan 10 ce, miliyan 7 da 'yan kai. Albashi ɗaya ne, amma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tazarar miliyan 6.

Shekarun nan kuwa ba kai kake zaɓa ba. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa, kuma banki yana so a gama biya kafin albashi ya tsaya. Malaman makaranta an ƙara musu zuwa 65 ko 40 a dokar 2022, inda ake aiki da ita. To ga inda abin yake da ciwo: yaron da ya kama aiki bara yana da shekarun amma albashinsa bai taka kara ya karya ba, shi kuma wanda ya kai mataki na 14 yana da albashin amma shekara takwas ko tara suka rage masa. Yawancin waɗanda suke zuwa teburina da fom sun haura arba'in da biyar, kuma duk da lissafin shekara 30 suke zuwa, domin shi suka ji a rediyo. A ganina wanda yake tsakanin 32 da 40 shi ya fi kowa cin moriyar wannan tsarin, kuma shi ne bai cika tunanin abin ba.

Maganar iyakar rance ma tana ruɗar mutane. An daɗe ana kan miliyan 15 a matsayin mafi yawan abin da mutum ɗaya zai samu, daga baya aka ɗaga zuwa miliyan 50. Labari ne mai daɗin ji. Amma miliyan 15 a shekara 30 tana cin kusan dubu 90 duk wata, ke nan sai mai samun dubu 270. Miliyan 50 kuwa kusan dubu 300 ce a wata, sai mai samun dubu 900. Mai mafi ƙarancin albashi na dubu 70, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, sulusinsa dubu 23 ne da 'yan kai, rancensa bai kai miliyan 4 ba ko da an ba shi shekara 30 cif. Ɗaga iyakar bai canza masa komai ba.

Bankunan kasuwanci kuma nasu daban ne. A 'yan shekarun nan kuɗin ruwansu ya haura kashi 20, domin shi kansa Babban Bankin Najeriya ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 a ƙarshen 2024. A kan kashi 25, miliyan ɗaya a shekara 10 tana cin kusan naira 22,700 a wata. Ka ninka shekarun su zama 20, sai ta sauko zuwa kusan 21,000 kawai, domin kusan duk abin da kake biya ruwa ne. Mutuminmu mai sulusin dubu 80 a nan bai kai miliyan 4 ba. Ni dai ban taɓa ba mai albashi shawarar ya sayi gidan zama da irin wannan kuɗin ba.

To me ya sa nake ganin sulusi ya yi nauyi? Wannan ma'auni ba a nan aka ƙirƙire shi ba. A Amurka, dokar 1969 ta ce mazauna gidajen gwamnati kada hayarsu ta wuce kashi 25 na abin da suke samu, a 1981 aka mayar da shi kashi 30, daga nan ya bazu ya zama abin da kowa ke ambata. A Ingila tun 2014 aka taƙaita wa bankuna yawan rancen da za su bayar wanda ya kai ninki huɗu da rabi na albashin mutum na shekara. In ka gwada wannan a kan mai dubu 240, za ka samu kusan miliyan 13, daidai da abin da sulusinmu ya bayar a shekara 30. Ma'aunin kusan ɗaya ne, gidajen ne ba ɗaya ba. Magidanci a Amurka abinci yana cin kusan kashi 13 na abin da yake kashewa. A Najeriya, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna abinci yana cin sama da kashi 56, kuma wannan kafin tsadar da ta biyo baya ke nan. Idan cefane ya ɗauke rabi, banki ya ɗauke sulusi, abin da ya rage shi ne sudusi, kuma a cikinsa za a yi kuɗin mota da makaranta da asibiti da wuta da ruwa.

Saboda haka ka juya lissafin. Maimakon ka fara daga albashi ka yanki sulusi, fara daga abin da gidanka yake ci, ka ga me ya rage. Ka sami littafi ka rubuta na wata biyu, kai da mai ɗakinka, domin ita ta san kuɗin gawayi da sabulu da kai ba ka lissafawa. Mu koma ga mai dubu 240, mu ce yana da mata da 'ya'ya huɗu. Cefane dubu 100. Mai da kuɗin mota dubu 30. Kuɗin makaranta idan an raba na zango uku a kan wata goma sha biyu, dubu 20. Wuta da ruwa da gas dubu 18. Abin da yake aika wa iyaye da ƙanne dubu 15, wanda babu fom ɗin bankin da yake da gurbinsa amma ba ya tsallakuwa. Magani da katin waya da gudummawar biki da suna dubu 12. Jimla dubu 195. Saura dubu 45, kuma a ciki yake tara hayar shekara ta dubu 360, wato dubu 30 a wata. Wannan mutumin ƙarshen ƙarfinsa dubu 45 ne, ranar da ya daina biyan haya. A shekara 20 wannan rancen miliyan 6 ne da 'yan kai. Banki zai iya amince masa da miliyan 11. Idan ya karɓa, duk wata yana da giɓin dubu 35, kuma ban sa ragon layya da ɗinkin sallah da kayan ɗakin 'yarsa ba.

Irin wannan giɓin na san inda yake ƙarewa. Wani abokin aikinmu ya karɓi gida mai ɗaki uku a wani rukunin gidaje da ke bayan gari, aka fara cire masa sulusi cif. Wata na huɗu ya zo neman bashin kofaretib na buhun shinkafa da masara. Kafin shekara ta zagayo yana da bashi uku a takardar albashi ɗaya, abin da yake faɗo masa bai kai rabin na da ba. Daga ƙarshe gidan ya sa 'yan haya, shi ya koma ɗaki biyu a gidan mahaifinsa. Bai rasa gidan ba, amma ba don wannan ya saya ba.

Ni ma'aunina shi ne rubu'i, wato kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ke shiga hannu, ga mai matsakaicin albashi. Wanda yake ƙasa da dubu 200 kuma yana da iyali, kashi ɗaya bisa biyar. Mai samun miliyan a wata shi zai iya kai wa sulusi bai ji a jikinsa ba, domin cikinsa bai fi na kowa girma ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai masu cewa ai a ci bashin da yawa, tunda kashi 6 ba ya motsi, darajar naira kuma kullum faɗuwa take yi, nan da shekara goma dubu 80 ba komai ba ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 a Disambar 2024, kuma wanda ya ci rancen NHF shekara goma da suka wuce yau abin da ake cire masa bai kai kuɗin buhun shinkafa ba a wasu lokuta. Amma albashi ba ya bin kasuwa a guje. Mafi ƙarancin albashi ya zama dubu 18 a 2011, sai 2019 ya koma dubu 30, sai 2024 ya kai dubu 70. A tsakanin waɗannan shekarun farashi yana hawa duk wata, kai kuma kana nan a inda kake. Bayan 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Wanda ya bar wa kansa sarari ya jure. Wanda sulusi ya riga ya tafi, shi ne ya ajiye mota ya koma bin adaidaita sahu. Ribar da ake hangowa a shekara ta goma sai wanda ya tsallake shekara uku na farko yake ganinta.

Sai kuma abin da gidan da kansa zai ci. Gidaje masu sauƙin kuɗi a bayan gari suke, kuma nisa kuɗi ne. Kafin ka amince, ka je wurin ranar aiki da sassafe, ka dawo ofis a irin abin hawan da za ka riƙa shiga, ka ninka kuɗin sau 22, ka ƙara na kai yara makaranta. Abin da ya ƙaru a kan na yanzu ka haɗa shi da biyan wata-wata, domin kuɗin gida ne. Ka tambayi maƙwabta ruwa: famfo ne, rijiyar burtsatse ce, ko 'yan ga-ruwa? Ka tambaya ko akwai taransifoma ko sai an yi karo-karo. Ka je da damina ka ga hanya, ka ɗaga kai ka dubi silin. Mai haya idan kwano ya yi yoyo mai gida yake kira, yanzu kai ne mai gidan. Ka ware ko da dubu 5 ne a wata na gyara.

Akwai kuɗin da za ka kashe tun kafin a ba ka sisi. A ƙa'idar NHF da aka yi ta aiki da ita, rancen da bai wuce miliyan 5 ba ba a neman kafin alƙalami, wanda ya haura kuma kashi 10 ne, bankunan kasuwanci su kan nemi kashi 20 zuwa 30. Ba kai tsaye FMBN yake miƙa maka kuɗin ba, ta hannun bankin jinginar gidaje da aka amince da shi ake bi, kuma akwai kuɗin fom, da na mai ƙiyasta darajar gida, da na lauya, da inshora, da la'adar dillali idan da shi. Babbar matsala a wajenmu ita ce takarda. A dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, jingina kuma ba ta tabbata sai da amincewarsa. Filin awon igiya mai takardar mai unguwa da shaidu uku ba ya karɓuwa a banki, komai kyan ginin da ke kansa. Sai da takardar shaidar mallaka ta gwamnati. Ka je hukumar bayanan filaye, wato KANGIS idan a Kano kake, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ka biya a bincika maka fayil ɗin kafin ka ba kowa kuɗi. Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ta ba da damar a ɗauki har kashi 25 na abin da ke asusun fanshon mutum a biya kafin alƙalamin gida, idan ya yi wata 60 yana zubi. Hanya ce mai amfani, amma ka sani daga abincin tsufanka kake gutsura. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a ci wani bashin don a biya kafin alƙalami.

Da yawa daga cikinmu abin da ke tsayar da su kuɗin ruwa ne, ko da kashi 6 ne. Wannan hukunci na malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Su kan sayi gidan su sayar maka da riba a biya kaɗan-kaɗan, ko su ba ka haya wadda za ta ƙare da mallaka, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsu a hankali. Lissafin albashi dai bai canza ba, har ma ya fi sauƙi: ka tambayi jimlar kuɗin da yawan watanni, ka raba. Gidan da aka sayar maka miliyan 12 a shekara 7 yana cin kusan dubu 143 a wata. Halaccin ciniki ba ya rage wannan lambar. Wanda kuma ya zaɓi kada ya ci rancen NHF, zubinsa bai salwanta ba, ana mayar masa idan ya yi ritaya ko ya cika shekara 60.

Kafin ka cike fom, gwada kanka na wata shida. Duk ranar da albashi ya shigo, ka cire daidai abin da banki zai riƙa cira, ka rage kuɗin hayar da kake tarawa, ka tura sauran wani asusu da ba ka da katinsa. Ka tabbata wata shidan sun haɗa da lokacin komawa makaranta ko sallah. Idan ka kai ƙarshe ba ka taɓa kuɗin ba, ba ka kuma ci bashin mai kanti ba, lambar ta yi maka daidai, ga shi kuma ka tara kuɗin takardu. Idan a wata na uku ka koma ka ciro, ka rage lambar ka sake gwadawa. Wanda zai gina ne ba saye ba, ya ƙara lura: akwai watannin da zai riƙa biyan haya da bashi a lokaci guda, kuma magina ba su cika gamawa ranar da suka faɗa ba.

Idan lissafi ya nuna ƙarfinka miliyan 5 ne, gidan da kake so kuma na miliyan 14 ne, to ba wannan gidan ba ne. Ciki da falo da banɗaki da katanga a filin da ke da takarda, sauran ɗakuna su biyo baya da kuɗin adashi. Mai kango da ya kai linta yana iya duba rancen gyaran gida na FMBN, ko tsarinsu na haya har a mallaka.

Ranar sa hannu ka nemi a buga maka jadawalin biya na wata-wata daga farko har ƙarshe, ka kai gida ka karanta. Ka sa su nuna maka a rubuce ko kuɗin da ake cira zai iya canzawa, da ko akwai tara idan ka biya da wuri, da wata nawa za ka makara kafin su taɓa gidan, da abin da zai faru idan ka canza wurin aiki. Ka kuma tambayi inshorar da ke kan rancen, ko takaful idan bankin Musulunci ne: idan ta Allah ta kasance, ita za ta biya sauran, ko magada za a bi? Kwafin amsar ka ba iyalinka su ajiye tare da takardun gidan.